Amsar tambayarka kan saukar da za ka yi a Alkahira

Ɗana, saƙonka ya iso ni jiya bayan isha'i. Alhamdu lillahi da ka gama watanni huɗun nan lafiya, har Allah ya nufe ka da Umara a kan hanya. Ka ce kafin ka hau jirgin Kano za ka yada zango na mako guda a Alkahira, wurin abokinka da ke karatu a Azhar, shi da iyalinsa a unguwar Madinatu Nasr. Kana tambaya ko ya dace ka sa shi ya zaga da kai gari, wa zai riƙa biya, kuma ko da laifi a zuwa kallon dalar Fir'auna. Na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka sauka ba.

Bari in fara da kwanakin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Ba ina nufin ka tattara kayanka a rana ta huɗu ba. Amma daga ranar ka sani sadaka kake ci, kuma wanda kake ci a hannunsa ɗalibi ne da ke jiran a turo masa daga gida, ga haya, ga mata da goyo.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren, a garin nan da za ka. Na sauka wurin wani yaro ɗan unguwarmu, ya kwashe kwana biyar yana yawo da ni, duk inda na sa hannu a aljihu sai ya riƙe ni ya ce wallahi Baba ba za ka biya ba. Na ɗauka karamci ne kawai, na bar shi. Sai bayan na dawo gida mahaifinsa ya gaya mini rance yaron ya ci, kuma jarrabawarsa saura kwana goma a lokacin. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Bahaushe ba zai taɓa ce wa baƙonsa ba ni da shi ba, ba kuma zai ce ba ni da lokaci ba. Kai za ka duba da idonka.

Saboda haka tun a daren farko ka tambaye shi ranakun da yake da darasi da lokacin jarrabawarsa. Ka nemi kwana biyu kacal a wurinsa, sauran ka fita da ƙafarka. Garin yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, mai araha ne, Larabcinka kuma zai kai ka ya dawo da kai. Kuɗin mota da tikitin shiga da abincin rana duk naka ne, har nasa, tunda sha'awarka ce ta fito da shi. Kada ka tsaya jayayya a bakin taga, ka riga shi miƙawa. A gida kuma kada ka damƙa masa kuɗi a hannu, zai ji kunya ya ƙi. Ka dawo da shinkafa da mai da nama ka ajiye a bakin ƙofa, ranar tafiya ka sa wa jaririn abin da ya sawwaƙa a hannu. Wannan ba a mayarwa. Tunda daga Makka kake, dabino da zamzam da turare sun isa tsaraba.

Abu ɗaya da ba na son ka yi sakaci da shi: idan maigidan ya fita, kai ma ka fita. Gidajen ɗalibai a can ɗaki biyu ne da falo, babu zaure, babu soro. Zamanka zai kulle matarsa a ɗaki wuni guda, ta kasa ko shiga kicin a sake. Ka tafi masallaci, ka dawo tare da shi.

To, ina za ka fara? Da mutane. Ka ce ya kai ka ka gaida manyan ɗalibanmu da suka daɗe a can, ka karɓi saƙon da za su ba ka na iyayensu, ka bar musu wuri a jakarka, amma duk abin da za ka ɗauka a buɗe shi a gabanka. Daga nan sai masallacin Azhar. Fatimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza harsashinsa a 970, kuma ka yi salla a ciki kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto. Ba baƙon wuri ba ne gare mu. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta a Alkahira domin ɗalibansu da alhazansu, kuma a da can a Azhar akwai sashen ɗalibai da ake kira da sunan Barnawa. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga garin ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Idan kana tafe a lungunan nan, ka san sawun mutanenmu kake bi. Ka je Fusɗaɗ, tsohon garin Alkahira, ka ga masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, ka kuma ziyarci kabarin Imamu Shafi'i ka yi masa addu'a. Kasuwar Khan Khalili tana daf da Azhar, ka taya rabin abin da aka faɗa maka.

Dalar Giza kuwa, ka je. Allah ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Babbar cikinsu ta kai shekara dubu huɗu da ɗari biyar, tsayinta na asali mita 146. Ni da na taso ina ganin dalar gyaɗa a Kano, na ɗauka na san dala, sai da na tsaya a gindin wannan na ga dutse ɗaya ya kai ni ƙirji. Na daɗe ban ce komai ba. Ka tafi da sassafe kafin rana ta buɗe, kuma kada ka hau raƙumin kowa sai kun yanke kuɗin hawa da na sauka. Tikitin baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada sosai, ka yi shirinsa.

Hotunan da za ka sa a Facebook, na wurare ne da naka. Cikin gidan mutane da iyalinsu ba na nunawa ba ne. Idan ka iso Kano, kafin ka huce gajiya ka je ka gaida mahaifan abokin naka, ka ba su labarin ɗansu da jikansu baki da baki.

Ka sanar da ni ranar da jirginku zai sauka, in sa ƙanenka ya taro ka. Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da habbatus sauda ɗinta.