Tambaya da Amsa: Mutum 18, buhun naushi 3, yaya zan tsara ajin dambe?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci, barka da ƙoƙari. Ni mai koyar da motsa jiki ce, inada aji na mutum 18, akwai 'yan shekara 20 da ɗoriya akwai kuma waɗanda sun haura 50, minti 45 muke yi. Sun daɗe suna damuna wai in saka musu damben boksin, to satin da ya wuce na gwada wallahi abin bai yi ba ko kaɗan. Buhun naushi 3 ne kawai garemu, fad na hannu (ɗan matashin da ake riƙewa ana nausa) saiti 3, safar dambe saiti 10. Rabin ajin suna tsaye suna jiran layi, ni kuma na tsaya bayanin naushi kala-kala har lokaci ya kusa ƙarewa ba wanda yayi gumi, ƙarshe ma wata ta tafi gida da wuyan hannu a kumbure. Dan Allah yaya ake tsara shi? Ko dole sai mun ƙaro kaya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki sayi komai tukuna, kayan nan da kika lissafa sun isheki. Agogo ne kika bari a baya, shi yasa ajin ya watse miki.

Damben boksin wasa ne na turmi da ƙararrawa. Tun dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867 aka tsayar da turmi minti 3 hutu minti 1, har yau ƙwararrun maza a kan haka suke, ƙwararrun mata kuma yawanci minti 2 suke yi. Wannan agogon shi zaki ara ki ɗora ajin a kai. Ki daina cewa kowa yayi naushi 20, domin wata zata gama cikin daƙiƙa goma ta tsaya tana kallo wata kuma tana na takwas tana haki tana jin kunya. In lokaci kika sa, 'yar shekara 22 da 'yar shekara 55 tare zasu fara tare zasu gama, kowacce ta zuba iya abin da jikinta ya bata, ba wadda ta san adadin na wata. Ki sa manhajar ƙidayar turmi a waya, suna da yawa kuma kyauta, ki haɗa da sifika yadda ƙararrawar zata fi ƙarfin kiɗa.

Yanzu lissafi. Ki raba su gida uku, mutum shida-shida. Gida ɗaya na buhu, mutum biyu a kowane buhu. Gida na biyu na fad, bibbiyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta nausa. Gida na uku fili ne kawai ba kaya, naushin iska da tsallen igiya da tsuguna-tashi. Kinga safa 9 kenan ke aiki a lokaci ɗaya, shida a buhu uku a fad, har kinada rarar ɗaya. Kowane rukuni yayi turmi biyu a gida ɗaya kafin ya matsa gaba, kuma akwai dalilin biyun nan: a gidan fad cire safa a ɗauki fad yana cin lokaci, to a minti ɗayan hutu ake musanya, wadda ta riƙe a turmin farko ita zata nausa a na biyu. Gida uku sau turmi biyu, turmi 6 kenan.

Tunda sababbi ne ki fara da turmi na minti 2 hutu minti 1, shidan zasu ci minti 18. Ki sa minti 8 na ɗumama jiki a farko, minti 7 na koyarwa, sai turmi shidan, sai minti 4 na ƙarƙarewa da zafi, minti 3 na aikin tsokar ciki, minti 5 na hucewa da miƙa jiki. In kika haɗa 45 ne cif. Bayan kamar sati huɗu ko shida in kinga sun fara tsayuwa da ƙafarsu sai ki mayar da turmin minti 3, shidan su koma minti 24, ki rage koyarwa zuwa minti 4, aikin ciki kuma ki tura shi gidan fili. Ki rubuta wannan a takarda ki manna a bango tun kafin su shigo, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗumama jiki ba sai na ja shi ba, aikinki ne kin fini sani, kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu da idon sahu dai su samu rabonsu, minti biyun ƙarshe kuma su zama naushin iska a hankali.

Maganar koyarwa kuwa nan kika zame, kuma ba ke kaɗai ba, ni ma ajina na farko sai da na kwashe kusan minti 20 ina zuba bayani kamar mai lacca, mutane suna hamma da safa a hannu. Naushin boksin da ake koyarwa shida ne kuma lamba ake basu: 1 jab, naushi miƙaƙƙe da hannun gaba, 2 kuros, miƙaƙƙe da hannun baya, 3 da 4 huk wato na gefe, 5 da 6 afakot wanda ke tasowa daga ƙasa. Ranar farko 1 da 2 kawai, da tsayuwa. Shi ke nan. Mai amfani da dama ƙafar hagu gaba, bahago ƙafar dama gaba, gwiwa a ɗan saki, haɓa ƙasa, hannu biyu kusa da kumatu. Ki saba wa bakinki da cewa hannun gaba da hannun baya, in kina cewa hagu da dama bahagon ajinki kullum a ruɗe zai kasance. Kada ki ji tsoron zasu gundura da naushi biyu, daga 1 da 2 zaki fitar da 1-2, 1-1-2, 1-2 a ja da baya, 1-2 a duƙa a taso, 2 kaɗai da nauyi, 1-2-1-2 da sauri. Huk sai sati na biyu ko na uku, shi ne ya fi wahalar kamawa kuma shi ya fi murɗe wa sabon shiga hannu. Afakot ya jira.

Abu ɗaya da zaki ta maimaita musu har su gaji da ji: hannun da ya tafi ya dawo kumatu. Na biyu, ƙarfin kuros daga ƙafa yake tasowa, diddigen baya ya ɗaga ya juya kamar ana murƙushe wani abu a ƙasa, ƙugu ya bi, sannan hannu. Wanda ke naushi da hannu zalla kafin turmi na uku kafaɗarsa ta mutu.

To gidan fad, anan zaki fi tsayawa, ni ma anan zan fi daɗewa. Mutane suna ɗauka mai naushi ne ke cikin haɗari, a ajin jama'a kuwa mai riƙewa ce ta fi jin jiki. Na taɓa ganin wata ta ɗaga fad daidai gaban hancinta hannu a sake tana dariya, abokiyarta ta sako kuros, fad ɗin kanta ya dawo ya daki fuskarta, sai jini. Ba wanda ya nausheta, kayan hannunta ne suka yi mata aiki. Laifina ne ranar, ban koya musu riƙo ba na tura su. Tun daga nan cikin minti bakwai ɗin koyarwa uku na riƙon fad ne.

Ga yadda yake. Gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da jiki, kada a buɗe hannu kamar mai shanya, haka ake ɓata kafaɗa. Fad ɗin ya tsaya daidai tsayin fuskar mai naushi, a ɗan gaba da gefen fuskar mai riƙewa, biyun kusa da juna misalin faɗin kai ɗaya. Hannu a ɗan taurare, in naushi ya taho sai a ɗan tarbe shi kaɗan, tarba fa, ba mari ba, wasu sai kaga mai riƙewa ta fi mai naushin duka. Naushi yana ƙetarawa ne, hagun mai naushi ya sami fad ɗin hagun mai riƙewa, dama ta sami dama. Mai riƙewa ita ke kiran lamba, ba a sakin hannu sai ta kira. Ƙarfi kuma rabi, fad na saiti ne da sauri, mai son huce haushi ta bari sai ta je buhu. Ki haɗa su da kanki, tsayi da tsayi nauyi da nauyi, in kika barsu ƙawa zata ɗauki ƙawa sai ki ga doguwa mai ƙarfi tana jibgar 'yar siririya da aka haɗa su don suna shiri.

A buhu, ɗaya ta nausa daƙiƙa 30 ɗaya ta dafe buhun ta bayansa kada ya riƙa lilo, sai su juya, duk suna da safa a hannu don haka ba ɓata lokaci. Turmin farko a yi haɗin naushin da kika koyar, na biyu a sa sauri.

Ita kuma wadda hannunta ya kumbura, ina kyautata zaton a buhu ne kuma ba bandeji. Wuyan hannu dole ya miƙe ɗaya da damtse lokacin da naushi ya sauka, kuma da ƙashin tushen yatsa manuniya da na tsakiya ake duka. In aka sauka da ɓangaren ƙaramin yatsa, ƙashin bayan hannu da ke ƙarƙashinsa siriri ne yana iya karyewa, har suna gareshi a wurin likitoci, karayar ɗan dambe. Ki kirata, in kumburin bai sauka ba ko bata iya dunƙule hannu ta je asibiti a yi mata hoto, kada ta taɓa buhu sai an duba. Daga yanzu kowa ta mallaki bandejinta na naɗe hannu, mai tsayin mita 4.5 shi aka fi amfani da shi ga manya, yana tallafe wuyan hannu kuma yana shanye gumi, tunda safa tara ne ke zagaya mutum 18 kinsan dai yadda cikinsu zai koma. Lambar da ke jikin safa, 12 ko 14 ko 16, nauyinta ne a oza, mai 16 kusan giram 450 kenan, masu ƙiba da masu nauyin hannu ki basu manyan.

Minti huɗun ƙarshe kowa ya taru a fili. Daƙiƙa 20 na 1-2 a iska ba tsayawa, daƙiƙa 10 hutu, sau 8. Tsarin Tabata ake ce masa, sunan Izumi Tabata ne, masanin Japan da ya fitar da bincikensa a 1996, shi a kan keken motsa jiki yayi nasa da tsananin da ajinki bazai iya ba, agogon kawai muka ara. Ki riƙa zagayawa kina jefa musu tambaya, wadda ta amsa da kalma biyu uku tana haki daidai take, wadda ta kasa furta ko ɗaya ko tace jiri take ji ko ƙirjinta na ciwo ta tsaya nan take. 'Yan sama da 50 ɗin nan da duk mai hawan jini ko ciwon zuciya, ki tambaye su tun a ƙofa ko likita ya yarje musu motsa jiki mai zafi. Mai ciwon gwiwa kuma ta bar igiya ta yi takawa a wuri ɗaya.

Tambaya: Koci ni ma ina da aji na maza zalla, samari suna matsa min in bari su ɗan gwabza da juna minti biyar a ƙarshe, wai a hankali zasu yi. In bari? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a ɗan'uwa. A hankalin nan daƙiƙa 15 yake yi, da ɗaya ya ji an taɓa masa hanci shi ke nan an tashi daga wasa. Ajin motsa jiki daban, horon ɗan dambe daban. Gwabzawa na buƙatar robar kare haƙora da hular kariya da koci ɗaya da idonsa ke kan mutum biyu kacal, kai kuma kana kallon mutum goma sha, kuma ko hular ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, yanka da kumburi take ragewa. In gasa suke so ka basu ta taɓa kafaɗa: su tsaya bibbiyu tsayuwar dambe, hannu a buɗe, kowa na neman taɓa kafaɗar ɗan'uwansa yana kare tasa, fuska haramun. Zasu yi gumi zasu koyi kaucewa da aikin ƙafa. Wanda ya nace sai ya ji duka a jikinsa ka tura shi kulob ɗin dambe na gaske.

Tambaya: Sau nawa a sati ya kamata a yi irin wannan ajin, kuma zamu iya riƙe ƙarfe a hannu muna naushin iska don hannu yayi ƙarfi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Sau biyu ya isa ga sabon shiga, uku in jiki ya saba, a bar kwana ɗaya a tsakani saboda kafaɗa da wuyan hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 tace babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko 75 zuwa 150 na mai zafi, to aji biyu da 'yar tafiyar ƙafa a sauran ranaku sun kaiki. Ƙarfe kuma ni bana so wa sababbi. Nauyinsa ƙasa yake ja, naushi kuma gaba yake tafiya, sai kiga hannu ya koyi zubewa, gwiwar hannu kuma tana fizga duk lokacin da aka miƙe ta da sauri. In dole ne sai an riƙe, kada ya wuce rabin kilo zuwa kilo 1, a yi a hankali, kuma kada a miƙe gwiwar hannu har ƙarshe.