Birkin gaba yana riƙe taya bayan an saki hannu: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur irin na 'yan acaɓa da nake zirga-zirga da shi tsakanin Funtuwa da ƙauyenmu. Tun da damina ta kankama nake ratsa ruwa da laka, sai birkin gaba ya sauya hali: idan na matse na saki, hannun ba ya komawa sai na tura shi da yatsa, tayar kuma ta yi nauyi kamar ana janta baya. Mai gyaran da na kai wa ya sassauta notin, ya ce in riƙa amfani da na baya kawai, wai birkin gaba shi ne ke kayar da mutum. Ƙanena kuma birkin gaban babur ɗinsa mai faifai ne. Da safe lafiya lau, amma da ya ɗan yi tafiya sai tayar ta ƙage, faifan ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Me ke jawo haka, kuma yaya ake gyarawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Zan fara da shawarar da aka ba ka, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Duk lokacin da aka taka birki, nauyin babur da na wanda ke kansa yana gangarowa kan tayar gaba, ta baya kuwa ta yi sakayau, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya kashe birkin gaba ya zubar da mafi yawan abin da zai tsayar da shi ran da yaro ko akuya suka faɗo masa a hanya, kuma da buhu biyu a baya tayar baya za ta yi ta jan ƙasa ne babur yana ci gaba da tafiya. Abin da ke kayar da mutum shi ne birkin da ke kamawa ba ya saki, ko hannun da ke fizgarsa gaba ɗaya a kan yashi. Na farko gyara yake buƙata, na biyu koyo.

Birki aiki biyu yake yi, kamawa da saki. Hannunka ne ke sa shi ya kama, amma sakin ba naka ba ne, wasu ƙananan abubuwa ne ke mayar da komai mazauninsa, kuma ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na yatsunka. Tsatsar da ba za ta hana ka matsewa ba tana iya hana su mayarwa. Saboda haka tambayar da mai gyara ya kamata ya yi ita ce: a wace gaɓa ce komawar ta tsaya?

Naka birkin kwano ne, irin wanda ke kan Bajaj Boxer da yawancin baburan haya a ƙasar nan. Waya ce ke tasowa daga hannu ta sauko zuwa wani ɗan ƙarfe a jikin taya, ƙarfen ya murɗa wata gajeriyar sanda mai faffaɗan kai a ciki, ita kuma ta buɗa takalman birki guda biyu, waɗanda makanikai ke kira shu, su goga cikin kwanon. Sifirin biyu ne ke dawo da su. Ka kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danne bayan domin tayar gaba ta tashi, sannan ka kwance notin ka raba wayar da ƙarfen. Da wannan ka raba matsalar gida biyu. Ja wayar da yatsa ka ji ko tana zamewa cikin rigarta, sa'an nan ka tura ƙarfen da hannu ka saki ka ga ko zai dawo da kansa da ɗan ƙara.

Idan wayar ce ke ciza, ruwa ne ya shiga rigarta ya kwana, ƙura ta bi shi, tsatsa ta kama. Wadda ba ta yi nisa ba ana iya rataye ta a riƙa ɗiga mata mai daga sama ana ja ana turawa har ya ɓullo ta ƙasa. Amma idan ka ga ko da zare ɗaya na wayar ya tsinke ya miƙe, ka canza ta kawai, domin wannan zaren shi ne ke sarƙewa a ciki, kuma sauran suna biye da shi. Ka duba hanyar da ta bi ma, kada ta lanƙwashe ko ta matse a bayan fitila, ka juya kan babur hagu da dama ka tabbatar birkin ba ya kama kansa. Shi ma hannun birkin yakan karkace bayan faɗuwa, ko a ɗaure kusarsa fiye da kima har ya kasa motsi.

Sai dai bisa abin da ka bayyana na ratsa ruwa, na fi zargin sandar nan mai murɗawa. Tana juyawa ne cikin rami a jikin murfin alminiyam da ke rufe kwanon, ita kuwa ƙarfe ce, kuma da giris ɗin da ke tsakaninsu ya wanke sai su fara cin juna. Gyaranta sai an sauke taya. A cire murfin, a ɗaga takalman biyu tare da sifirin ɗinsu, a yi wa ƙarfen waje alama kafin a zare shi domin ya koma kan haƙoran da yake, sannan a fitar da sandar a goge ta da sanfefa mai laushi har ta yi haske, a tsabtace ramin, a shafa giris mai jure zafi siriri. Na ce siriri da gangan. Giris ɗin da ya yi yawa yana narkewa ya malalo kan fuskar takalmi, kuma takalmin da ya sha maiƙo ya tashi daga aiki, wanki ba ya dawo da shi. Ƙurar da ke cikin kwanon a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hure ta da baki, domin wasu takalman ana haɗa su da sinadarin asbestos mai lahani ga huhu.

Tunda an riga an buɗe, a duba abu biyu da suka fi tsatsa haɗari. Na farko takalmin da ya cinye. Yayin da fuskarsa ke ƙarewa, sandar tana buƙatar ƙara juyawa kafin ya taɓa kwano, har wata rana ta juya ta kusa tsayawa a gicciye tsakanin takalman biyu, ta ƙi dawowa, taya ta kulle ana cikin gudu. Baburan da yawa suna da 'yar kibiya a jikin ƙarfen da wata alama a jikin murfin. Idan ka matse birki suka haɗu, takalmi ya ƙare. Abin da wasu ke yi na zare ƙarfen su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don birki ya sake kamawa, kai tsaye yake kai mutum ga wannan kullewar. Na biyu fuskar takalmin da ta fara ɓallewa daga jikin ƙarfenta, abin da ruwa da kayan jabu suke haddasawa. Idan ta saki gaba ɗaya takan cusa kanta tsakanin takalmi da kwano. Duk wanda aka samu daga cikin biyun, a canza takalman duka tare da sababbin sifirin.

Wajen mayarwa, a matse birkin a riƙe yayin da ake ɗaure notin sandar taya, domin murfin ya zauna daidai tsakiya. Daga nan a saita notin waya ta yadda ƙarshen hannun birki zai yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara kamawa, a juya taya a ji tana tafiya ba tare da gogawa ba.

Na ƙanenka labarinsa dabam ne, kuma yadda ya bayyana shi ya kusa faɗin amsar. A birki mai faifai, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin hannu daga ɗan famfon da ke sama, ta cikin tiyo, zuwa kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi gefen faifan, inda fistin ke tura fad, takalmin wannan irin birki, ya matse faifan. A ƙasan ɗan kofin man da ke kan hannu akwai wani rami ƙanƙane kamar bakin allura, ta nan man yake komawa idan an saki birki. Idan datti ya toshe shi, man da ke cikin tiyo ya rasa mafita. Fad ya ɗan goga, gogawar ta kawo zafi, zafin ya kumbura man, man ya ƙara matse fad, haka abin zai yi ta ƙaruwa har taya ta ƙage, idan babur ya huce kuma ta saki. Haka ma yake faruwa idan an cika kofin maƙil ba a bar wa man wurin kumbura ba, ko an saka hannun birki wanda ba na babur ɗin ba ne, yana danne famfon ko da an sake shi.

Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin da tayar ta ƙage, a sa sipana, yawanci mai lamba 8, a ɗan buɗe ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifa. Idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, matsalar tana sama, a famfo ko a tiyon da ya lalace ta ciki. Idan ba abin da ya sauya, kalifa ce da kanta: ko fistin ya yi tsatsa, ko sandunan biyu da take zamewa a kansu sun bushe. Alamar bushewar sandunan ita ce fad ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da kauri. A kalifa babu sifirin da ke mayar da fistin, zoben roba ne da ke kewaye da shi yake ɗan lanƙwasa idan an matse, ya ja shi baya kaɗan idan an saki. Datti da farar tsatsa da ke taruwa a bayan zoben sun isa su hana wannan. Ana fitar da fistin, a kankare ramin zoben a hankali da abin da ba zai karce shi ba, a saka sabon zobe da aka jiƙa da man birki. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka canza shi ake yi.

A nan ina so ƙanenka ya tambayi kansa abin da aka taɓa zuba wa kofin. Robar da ke cikin birki ba ta jituwa da baƙin mai, ko fetur, ko kananzir, ko giris na yau da kullum. Tana shan su ta kumbura, kuma kumburarriyar roba a cikin famfo tana rufe ramin nan da na ambata. Idan an taɓa cike gurbi da baƙin mai ko an wanke kalifa da fetur, sai an canza duk robobin, zubar da man kaɗai bai isa ba. Sandunan zamewa giris na silikon ko na roba ake shafa musu. Man da ya dace a rubuce yake a murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4, kuma kada a gauraya su da DOT 5, wanda asalinsa dabam ne. Wannan mai yana jan laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin salshiyos, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yana iya saukowa zuwa wajen 155, ruwan kuma shi ne ke cin fistin ta ciki. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, a kula kada ya zuba a fenti domin yana cinye shi. Faifan da ya yi zafi kada a watsa masa ruwa, yana iya karkacewa. A bar shi ya huce, a duba kaurinsa da mafi ƙarancin adadin da aka buga a jikinsa.

Kai da hanyarka ta ruwa ce, duk lokacin da ka fito daga kududdufi ka ɗan riƙe birkin a hankali kana tafiya na wasu mitoci, zafin ya busar da kwanon, kada babur ya kwana da ruwa a ciki. A wurin wanki ka hana a harba ruwa mai ƙarfi cikin bakin waya ko gefen murfin taya. Sandar nan mai murɗawa a buɗe ta a yi mata giris sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma bayan damina ta ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauka a kan abin da laka ta bari. Bayan an gama gyaran, ka nemi fili mai tauri wanda babu yashi, ka yi ta tsayawa a hankali da birkin gaba sau goma ko fiye, kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, domin sabon takalmi ya zauna, hannunka ma ya sake sabawa da shi. Sannan ka yi tafiyar minti biyar ba tare da ka taɓa shi ba, ka tsaya da na baya, ka kai bayan hannunka kusa da kwanon. Idan da ɗumi sosai, har yanzu akwai inda yake gogawa, a sake buɗewa.