Tambaya da Amsa: Kuɗin dakon inji ya kusa kamo kuɗin injin, yaya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni bakanike ne, shekarata shida da buɗe garejin kaina. Injin motar wani kwastomana ya buga, mun nema a kusa ba mu samu ba, sai a hannun wani mai sayar da kayan gyara da ke nesa da mu ƙwarai, tafiyar kwanaki a mota. Injin mai silinda huɗu ne, haɗe da giyabos ɗinsa, kuma mai motar yana so a haɗo masa da bambar gaba. Na tambayi kamfanin aika saƙonni, abin da suka yanka mini ya kusa kamo kuɗin injin kansa. Akwai hanya mai rangwame, ko in ba mai motar haƙuri? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ba shi haƙuri tukuna, ƙofar da ka ƙwanƙwasa ce ba taka ba. Kamfanonin aika saƙonni an gina aikinsu ne a kan ƙunshin da mutum ɗaya zai ɗauka ya ɗora a kan belin da ke rarraba kaya, kuma manyansu sukan tsaya a wajen kilo 70 ga ƙunshi guda. Inji mai silinda huɗu da tarkacensa ya haura kilo 100, ga giyabos a kai. Duk abin da ya wuce ƙa'idarsu, ko su ƙi karɓa, ko su yanka maka kuɗin da zai sa ka tafi da ƙafarka. Masu dakon kaya a manyan motoci za ka nema.

Na yi shekaru ina tsaye gaban sikeli a ma'ajiyar wani kamfanin dako, kuma abin da ya fi ba masu kaya mamaki shi ne ganina da tef ɗin awo a hannu bayan na riga na auna nauyi. Mai dako wuri yake sayarwa. Motarsa tana da iyakar nauyi, tana kuma da iyakar ciki, duk wanda ya fara cika shi ne ya tsayar da lodi. Saboda haka yakan auna kayanka sau biyu, a sikeli da kuma da tef, wanda ya fi yawa a kansa za ka biya.

Lissafin ba shi da wuya, ka yi shi da kanka kafin ka kira kowa. Ka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka raba da 5000, lambar da yawancin kamfanonin aika saƙonni ke amfani da ita ke nan. A dakon jirgin sama an fi rabawa da 6000. Ɗauki bambar nan da mai motar yake so. Roba ce, yaro ma zai ɗaga ta. Amma sa ta cikin kwali mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 50, ka ninka za ka samu 540,000, ka raba da 5000, ta zama kilo 108. Iska ce cike da kwalin, kuma kuɗin iskar za ka biya. Shawarata ka cire bamba daga wannan tafiyar, ka nemo ta a kusa ko da ta hannu ce a yi mata fenti. Idan dole sai daga can, a naɗe ta da soso da leda ta bi motar da za ta ɗauko injin, a saƙala ta saman lodi, kada a yi mata kwali.

Shi inji a kan falet ake aika shi, wato dandamalin katakon nan da motar ɗaga kaya ke zura wa ƙarfe ta ƙasa. Wanda aka fi sani yana da santimita 120 da 80, akwai kuma mai 120 da 100. Ƙaramin ya isa injinka. Kada komai ya leƙo waje da bakin falet ɗin, domin da abin da ya fi leƙowa za a auna. Na sha ganin an ƙara wa mutum kuɗi saboda guntun bututun hayaƙi ɗaya da noti uku kawai ke riƙe da shi. Ka sa mai sayarwa ya kwance duk abin da ya yi tsini ko ya yi tsayi, ya zuba a kwali, ya cusa a gefen injin. Giyabos ma idan a haɗe zai wuce tsawon falet, a raba su a jera kusa da juna.

Rangwamen kuwa a wuri uku yake ɓoye. Na farko haɗaka: kada ka ɗauki shatar mota, ka sayi gurbin falet ɗaya a cikin motar da ke ɗauke da kayan mutane da yawa. Sai ma'ajiya zuwa ma'ajiya. Abin da ya fi tsada a tafiyar kaya mai nauyi sau da yawa ba doguwar hanyar ba ce, farkonta ne da ƙarshenta, inda za a tura ƙaramar mota ta musamman ta je ƙofar mutum, a nemi abin ɗagawa, direba ya zauna jira. Idan mai sayarwa ya kai kayan ma'ajiyar kamfanin da kansa, kai kuma ka je ka ɗauko a ta kusa da kai, ka sauke wa kanka wannan nauyin. Kai da kake da gareji da sarƙar ɗaga inji ma abin ya zo maka da sauƙi.

Na ukun shi na fi so, motar da ke komawa gida babu kaya. Direban da ya sauke lodi a can, zai kuma dawo ta wajenku, ya riga ya san zai ƙona mai ko da kaya ko babu, don haka duk abin da ya samu riba ce. Irin wannan sai da tambaya da haƙuri. Ka yi magana da masu haɗa direbobi da kaya, ka ce musu ba ka gaggawa, mako ɗaya ko biyu bai dame ka ba. Kalmar nan "ba na gaggawa" tana rage kuɗi fiye da duk wani ciniki da za ka yi. Ka dai faɗa wa mai motar gaskiya tun yanzu, ya zaɓi tsakanin sauri da sauƙi. Sharaɗi ɗaya: ko direban ɗan'uwanka ne, a rubuta takardar kaya mai ɗauke da lambar mota, lambar inji da sunan mai karɓa.

Idan teku ce tsakaninku, manta da jirgin sama, ba a yi shi don ƙarfe mai nauyi ba. Ka sayi gurbi a kwantenar haɗaka. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan mita kubik 33, ana kuma sayar da ita mita-mita, a kwatanta kowace mita kubik, wato gurbi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, da kilo 1000, wanda ya fi yawa shi za a caja. Injinka a kan ƙaramin falet, idan tsayinsa bai wuce mita ɗaya ba, bai cika mita kubik ɗaya ba. Amma ka kula, kuɗin sauke kwantena da na ma'ajiya da na takardu a tashar isowa kan iya fin kuɗin jirgin ruwan kansa. Ka nemi a rubuta maka su duka kafin kaya su tashi.

Yanzu bari in tsaya a kan ɗauri, domin nan ne arahar take zama asara. Akwai ranar da ba na mantawa. Mun buɗe bayan mota da asuba, sai warin baƙin mai ya buge mu. Inji ne aka ɗora a kan falet haka kawai, aka zagaye shi da igiyar roba. A hanya ya kwanta ta gefe, kaskon man da ke ƙasansa ya tsage, man ya bi ƙasan motar ya jiƙe kwalayen wasu mutane da ba ruwansu. Mai injin ya zo da rana, dattijo ne, ya tsuguna yana shafa tsagar da yatsa bai ce komai ba. Da bashi ya sayi injin. Ya yi asarar kasko, aka kuma bi shi kuɗin kayan da suka ɓaci. Raina ya daɗe bai yi mini daɗi ba, domin aikin rabin awa ne da zai hana duk wannan.

Don haka ka matsa wa mai sayarwa, kada ka ji kunyarsa. A tsiyaye baƙin mai, da man giya, da ruwan sanyaya inji, da duk fetur ɗin da ya rage a bututu. A toshe kowace kafa da tsumma a liƙe da salatif, don kada ƙura ko ruwa ko ɗan noti ya faɗa ciki. A shimfiɗa tsohuwar taya a kan falet, kaskon ya zauna a cikin raminta, a tokare gefe da gefe da katako. A ɗaure da bel mai ƙarfen ja, aƙalla biyu, su ratsa ta ƙarƙashin katakon falet, kada su bi ta kan roba ko waya ko siririn bututu. Idan giyabos ɗin otomatik ne kuma an raba shi da inji, ƙwaryar ƙarfen nan da ke bakinsa tana iya zamewa ta faɗo. A gitta mata ƙarfe a ɗaure da noti. In da hali a kewaye duka da akwatin katako mai shimfiɗaɗɗen sama, saboda kayan da ba a iya ɗora wani a kansu sukan jawo ƙarin kuɗi, tunda sun kashe wurin da ke samansu.

Mutane da yawa suna zaton idan kaya suka lalace mai dako zai biya kuɗinsu cif. Ba haka abin yake ba. A yawancin dokokin sufuri diyya tana da iyaka, kuma da kilo ake lissafa iyakar, ba da darajar kaya ba. Yarjejeniyar CMR ta 1956, wadda ke kula da dakon mota tsakanin ƙasashen da suka sa mata hannu, iyakarta a yau SDR 8.33 ne a kowane kilo, SDR kuwa ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A teku ƙa'idojin Hague-Visby sun tsaya a SDR 2 a kilo, ko 666.67 a ƙunshi, wanda ya fi yawa. Ka tambayi inshora daban, ka kuma tambaya ko tana ɗaukar kayan hannu, domin wasu ba sa yi. A ɗauki hoton injin ta kowane ɓangare kafin ɗauri da bayansa, har da lambarsa. Ranar karɓa kada ka sa hannu sai ka zagaya shi ka leƙa ƙasa. Ka ga tsaga ko ɗigon mai, ka rubuta a jikin takardar a gaban direba.

In kayan za su tsallaka iyaka, katakon falet sai yana da hatimin ISPM 15, shaidar an gasa shi ko an yi masa feshi saboda ƙwari. Ka tabbatar ƙasarku ta yarda a shigo da inji na hannu, ka kuma san waye zai biya kuɗin fito, kai ko mai sayarwa, tun kafin ka tura ko sisi.

Ka tambayi aƙalla kamfani uku, ka ba su awo iri ɗaya, ka ce kowanne ya ba ka kuɗin ƙarshe a rubuce. Allah Ya kawo injin lafiya, ɗana.

TAMBAYA: Malam, ƙanena zai aiko mini da kayan gyaran motata daga nesa. Ya ce zai cusa batir da jakar iskar sitiyari a cikin kwalin sauran kayan, ba sai ya faɗa wa kamfani ba. Hakan ya yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, don Allah ki hana shi. Jakar iskar nan da ke fitowa lokacin hatsari tana da sinadarin da ke tashi nan take ya hura ta, batir kuma akwai ruwan asid a cikinsa. Dukkansu suna cikin jerin kaya masu haɗari a dokokin sufuri, ana yi musu ɗauri da alama da takarda na musamman. Idan aka gano su a ɓoye za a iya riƙe kwalin gaba ɗaya a ci tararsa, idan kuma batir ɗin ya zube ko ya yi tartsatsi a hanya, direba da masu lodi ne za su fara ji a jikinsu. Batir ki saya a inda kike, nauyinsa kaɗai ya isa ya cinye duk sauƙin da yake nema miki. Jakar iskar kuma ya bayyana ta ga kamfanin da ke da izinin ɗaukar irinta, a aiko ta daban.