Ga mai neman sawun Hausawan da aka kai Brazil

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne an kai Hausawa Brazil a zamanin cinikin bayi, kuma ta ina mutum zai fara in yana son bin sawunsu. Da gaske ne, takardun kuwa suna nan. Sai dai in ka shiga nema da sunan Musa ko Audu, za ka sha wahala ka fito hannu Rabbana.

Da an sauke bawa a Salvador, babban birnin Bahia, sai a yi masa baftisma a raɗa masa José ko Antônio. Abin da ya rage na asalinsa kalma ɗaya ce da magatakarda ke liƙawa a bayan sunan, wadda suke kira nação, wato ƙabila. Ita za ka bi. Bahaushe ana rubuta shi Ussá, Aussá ko Haussá, don haka gwada duka ukun. Bayarabe Nagô ne, Banufe Tapa, Babarbare Bornu. In ka ga Mina kawai, bai gaya maka komai ba sai gaɓar tekun da aka ɗauko mutum. Kuma ka yi hattara, Ussá ɗin ma babbar riga ce: takan rufe mutanen wasu ƙabilu da ke jin Hausa.

Ka taƙaita nemanka tsakanin 1800 da 1850. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa hannun fatake, daga kowane ɓangare, aka gangara da su ta ƙasar Nufe da Oyo zuwa Wida, Porto-Novo, Badagry da Ikko. A takardun Fotugis Ikko ita ce Onim. 'Yan kasuwar Bahia da taba suke saye, tabar da aka shafe da maɗi. A 1850 Brazil ta rufe wannan hanya da gaske, bauta kuma sai 1888 aka soke ta.

Fara da rumbun SlaveVoyages a intanet, kyauta ne. Zaɓi Bahia a matsayin wurin sauka, gaɓar Benin a matsayin wurin lodi. Zai ba ka sunan jirgi, kyaftin, mutum nawa aka loda, nawa suka isa da rai. Sunayen mutane babu. Ga kuma tarko: tun yarjejeniyar 1815 aka hana Fotugis sayen bayi a wannan yanki, sai jiragen Bahia suka riƙa karɓar takardar tafiya Molembo ko Cabinda, can kudu, su zarce Ikko. Kada ka gaskata duk tashar da ka gani a takardar izini. Sunayen asali, sama da 90,000, suna cikin rajistar waɗanda aka ƙwato a teku aka rubuta a Freetown da Havana, da shekaru da tsawon kowa. Da kunne aka rubuta su, sai ka furta da ƙarfi kafin ka gane Adamu ko Garba. Amma waɗannan ba su isa Brazil ba.

Bari in gyara wani kuskure da ya yaɗu, wai Hausawa ne suka yi boren bayi na 1835 a Salvador, wanda ake kira boren Malê. Boren daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, yawancin masu shi Yarbawa Musulmi ne. Kalmar Malê ma, wato Musulmi, daga imale ta Yarbanci ta fito. Kimanin mutum 600 suka fito da fararen riguna da layu, wajen 70 suka mutu, aka harbe huɗu a watan Mayu. Akwai Hausawa a ciki, kamar malam Dandará mai sayar da taba, wanda takardu ke kira Elesbão do Carmo, amma tsiraru ne. Namu ya riga wannan: shirin da aka tona a Mayun 1807, tashin Janairun 1809 wajen Nazaré, da na Fabrairun 1814 da ya faro daga wuraren kamun kifi na Itapuã. Wanda ya tsaya a 1835 ya tsallake babin Hausawa.

Duk da haka fayil ɗin shari'ar 1835 taska ce. Yana Arquivo Público do Estado da Bahia, ma'ajiyar takardun jihar, tare da takardun da aka ciro daga jikin mamata da ɗakunan waɗanda aka kama: ayoyi da addu'o'i da rubutun allo irin namu, a naɗe ƙanana kamar yadda baduku ke ɗinke laya. Wani bawa Bahaushe mai suna Albino ne 'yan sanda suka sa ya karanta musu. Masanin tarihi João José Reis ya bi fayil ɗin dalla-dalla, aikinsa shi ne ƙofar shiga. Ka haɗa da littafin Francis de Castelnau na 1851, ƙaramin jakadan Faransa da ya zauna da Hausawan Bahia suna lissafa masa garuruwansu da zangon da suka bi har teku.

Za a ce maka an ƙone komai a 1890. Umarnin ƙonawar, na ministan kuɗi Rui Barbosa, takardun ma'aikatar kuɗi ya shafa. Littattafan baftisma, takardun 'yanta bawa da na rabon gado sun tsira, kuma a nan ne kalmar Ussá ta fi fitowa. Dole ka koyi ɗan Fotugis da tsohon rubutun hannu.

Gwajin ƙwayar halitta kuwa, kada ka dogara da shi. Kamfani yana kwatanta ka ne da mutanen yau, ya ce kashi kaza Najeriya. Ba ya raba Bakano da Ba'ibadane yadda ake tallatawa. Tunda galibin Hausawan da aka kai maza ne, layin uba ya fi na uwa amfani.

In Bahia ta yi maka nisa, bi waɗanda suka dawo. Bayan 1835 an koro wasu, wasu suka biya kuɗin jirgi da kansu. Zuriyarsu su ne Tabom na Jamestown a Accra, inda Brazil House take, da Aguda na Ikko da Porto-Novo. Ka je wa dattawan gidajen da gaisuwa da goro, ka tambayi sunan kakan da ya sauka daga jirgi, na Kirista da na Musulunci duka, sannan ka koma takardu da sunan Kiristan.