Ku Tambaya, Mu Amsa: Bas Mai Aiki da Lantarki a Biranenmu

Tambaya: Ni direban bas ne a Kano. Ana cewa bas mai lantarki za ta raba mu da tsadar man gas. Caji ɗaya zai kai ta wuni? Kuma da wace wutar za a yi cajin?

Amsa: Malam direba, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma mu fara da lissafi. Babbar bas mai tsawon mita 12 tana cin wajen kilowat-awa (wato yunit na mitar wuta) 1 zuwa 1.5 a kowace kilomita, gwargwadon lodi, cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki. Mu ɗauki 1.3. Idan tana yin kilomita 200 a rana, tana buƙatar kilowat-awa 260. Batir mai ɗaukar 350 zai isa, domin ana barin kashi 20 cikin 100 a ciki, ba a tatse shi ƙaf, saura 280 ke nan. To amma batir yana tsufa. Bayan wasu shekaru, idan ƙarfinsa ya sauko zuwa kashi 80, abin da za ka mora bai wuce 224 ba, sai motar ta riƙa gazawa kafin magariba. Don haka da lissafin tsohon batir ake sayen bas.

Sai wuta. Na'urar caji mai kilowat 120 tana cika wannan batir cikin kimanin awa uku. Idan bas 30 suka jona a lokaci guda, megawat 3.6 (kilowat 3,600) ke nan, abin da taransifomar unguwa ba za ta ɗauka ba ko kusa. Dabarar ita ce a sa na'urori 10, a raba motocin rukuni uku daga tara na dare zuwa shida na safe, nauyin ya koma megawat 1.2. Ko hakan ma sai garejin da motocin suke kwana ya samu layinsa na kansa daga babban layin wuta mai bolt 11,000 ko 33,000, da taransifomarsa. Sola tana taimakawa, sai dai faifai mai wat 550 bai fi ya ba da kilowat-awa 2.5 a wuni ba, wato bas ɗaya tana son faifai sama da 100, kuma lokacin da rana take bugawa motar tana kan titi. Ko dai a tanadi batiran ajiya, ko a tsara cajin tsakar rana idan fasinja sun ragu. A ganinmu, duk gwamnatin da ta sayo motoci kafin ta gina gareji ta fara gini daga rufi. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin, da ya mayar da bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki a 2017, ya haɗa sayen motocin ne da gina wuraren caji.

Tambaya: Daga Maiduguri nake. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba za su kashe batirin ba?

Amsa: Hajiya, zafi yana rage masa kwana. Batir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 35, ga shi a Afrilu garinku yana haura 40. A nemi batir nau'in LFP (mai haɗin lithium, ƙarfe da fosfet), wanda ya fi jure zafi, mai tsarin sanyaya da ruwa. A yi wa gareji rumfa, kuma kada a jona caji mai sauri da zarar mota ta shigo da zafinta. Ƙura kuwa tana toshe matatar iska da lagireto, har da fankar na'urar caji. Lokacin hazo a riƙa hure su duk mako.

Tambaya: Mu bakanikai, aikinmu ya ƙare ke nan?

Amsa: Bai ƙare ba, Oga. Juyen baƙin mai, nozul da kuloci sun tafi, birki ma yana daɗewa saboda injin lantarkin yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Amma taya tana saurin cinyewa saboda nauyi, ƙafar mota tana shan wuya, kuma ƙaramin batir mai bolt 24 shi ne yake yawan hana mota tashi da safe. Wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da bolt wajen 600. Kada wanda bai samu horo ba ya taɓa su, kuma sai an cire makatsar wuta an sa safar hannu ta roba mai hana wuta.

Tambaya: Biyan kuɗin mota da kati, idan intanet ta ɗauke fa?

Amsa: Na'urar kirki tana karanta katin ba tare da intanet ba, ta ajiye bayanin, ta tura shi idan sabis ya dawo. Legas tana amfani da katin Cowry, Dakar, babban birnin Senegal, kuma ta buɗe layin BRT (bas masu keɓantacciyar hanya) mai lantarki zalla a 2024, mai tsawon kilomita 18. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin zuba kuɗi a kati: idan babu wakili a kowace tasha, fasinja zai koma miƙa wa kwandasta tsabar kuɗi. Na'urar GPS kuma tana nuna wa ofis inda kowace mota take da sauran cajinta, sai a tsayar da wadda ta matso ta gabanta na minti biyu ko uku, don kada bas uku su iso tasha a jere sannan a yi rabin awa babu ko ɗaya.