Kafin ka ƙara wa gida batir, ƙirga abin da gidan yake ci

"Oga, gidan da ka tura ni jiya, batiransu biyu ne tubula, wato dogayen nan masu ruwa, masu 220Ah, inbata mai 24V, fanel ɗin sola huɗu masu 300W, kwanturolar caji kuma irin PWM. Batiran ba su cika shekara ba, amma da ƙarfe sha ɗaya na dare wuta take ɗaukewa. Mai gidan ya ce a ƙaro masa batir biyu. In je in sayo?"

Kada ka sayo tukuna, yaro. Batir randa ce, fanel shi ne mai ɗebo ruwa. Idan abin da ake zubawa da rana bai kai abin da ake kamfata da dare ba, ko randa goma ka jera, a bushe za su kwana. Koma gidan da biro da takarda, ka shiga ɗaki ɗaki, ka rubuta duk abin da ke jone da inbatar, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, da wat ɗinsa (W), da awa nawa yake yi a kunne. Kada ka tsaya a kan abin da mai gida ya faɗa maka, ba don zai yi maka ƙarya ba, shi dai bai san ana barin fankar falo a kunne har asuba ba. Tambayi uwargida da yara, su ne masu kunnawa.

Mu ɗauka ka tarar da abin da aka saba gani. Ƙwan fitila takwas masu 60W, awa shida, 2,880Wh ke nan (Wh shi ne wat sau awa). Fankar sama uku masu 75W, awa goma, 2,250Wh. Talabijin 80W, awa biyar, 400Wh. Firiza a zafin nan namu, sa mata wajen 1,200Wh a yini. Cajin wayoyi 100Wh. Sai abin da yawancin yara suke mantawa: ita kanta inbatar tana ci ko babu komai a kanta. Idan 30W take ja, a awa ashirin da huɗu ta cinye 720Wh. Jimla 7,550Wh.

Yanzu duba abin da ke shigowa. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram rana mai ƙarfi tana wuce awa biyar a yawancin shekara, amma ka yi lissafi da biyar saboda hadarin Agusta da hazon hunturu. Fanel huɗu 1,200W ne a rubuce. Wancan rubutun an auna shi ne fanel yana da ɗumin digiri 25, alhali a kan kwano cikin bazara yakan haura 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Haɗa da ƙura da asarar waya da ta caji, sai ka ninka da 0.7. 1,200 sau 5 sau 0.7 ya ba ka 4,200Wh. Gida yana neman 7,550, rana tana ba da 4,200. In ba NEPA ta kawo wuta ta cike giɓin ba, batiran nan kullum da yunwa suke kwana, da yunwa suke tashi.

Daren ya fi muni. Batir biyu masu 12V da 220Ah suna ɗauke da 5,280Wh idan sun cika maƙil, kuma batirin dalma rabi kawai ake so a taɓa, wato 2,640Wh. Fitilun nan su kaɗai sun wuce haka. Ka ƙara fanka awa takwas, talabijin, firiza da cin inbata, dare ɗaya yana neman kusan 6,000Wh. To kullum ana tatse su har ƙasa, washegari kuma ba sa cika. Batirin dalma idan ya zauna a haka, wani farin gishiri yake fitowa a jikin farantansa na ciki. In ya samu cikakken caji da wuri, gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. In ya yi makonni bai cika ba, sai ya ƙanƙare, wurin da ya rufe ya daina riƙe wuta. Shi ya sa za ka ga batir ya nuna ya cika cikin awa biyu, ya kuma sauka cikin awa biyu. Ƙaramin batir ya koma a cikin babban akwati.

Maganin farko ba a rufi yake ba, a cikin ɗakuna yake, kuma shi ne mafi araha. Cire ƙwayayen 60W ka sa LED masu 9W, haskensu kusan ɗaya ne, ci ya sauko daga 2,880 zuwa 432Wh. Canza fankokin zuwa masu injin DC, wato irin wutar batir, da ke jan wajen 30W, ya sauko daga 2,250 zuwa 900Wh. Da waɗannan biyun kaɗai jimla ta dawo kusan 3,750Wh, rabin na da, ba tare da an hana kowa haske ko iska ba. Firiza kuwa a sa mata taima ta yi aiki daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, a cika sararin cikinta da ledojin ruwa su ƙanƙare, su za su riƙe sanyi har safe muddin ba a yawan buɗewa. Duba robar murfinta: maƙale takarda ka rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi yana zurarewa. A janye ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, a kuma raba ta da inda rana ke bugawa. Dutsen guga yana cin 1,000W ko fiye, injin tura ruwa mai doki ɗaya wajen 750W, kuma yana fizgar ninkin haka lokacin tashi. Waɗannan daga hantsi zuwa azahar za a yi su, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da fanel ne ke ɗauke da nauyin. Butar lantarki da hita a cire su daga layin inbata gaba ɗaya.

Bayan wannan gyaran, cin dare zai tsaya wajen 2,000Wh. Ka ga batir biyu lafiyayyu sun isa, har da ɗan rara.

Sai kwanturola, na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji. PWM tana janyo fanel ne zuwa boltejin batir. Fanel mai 300W yana ba da ƙarfinsa wajen 33V zuwa 36V, batir mai 24V kuwa wajen 28V yake tsayawa lokacin caji, bambancin nan a banza yake tafiya, abin da zai iya kai kashi ɗaya cikin biyar. Kwanturola irin MPPT kuwa tana juya wannan rarar ta mayar da ita amfiya, wato ƙarin wutar da ke shiga batir. Sa mai 60A. Amma karanta iyakar boltejin da take ɗauka kafin ka haɗa fanel a siris, wato ɗaya bayan ɗaya a layi guda. Duba Voc a bayan fanel, wato boltejinsa idan ba a jona shi da komai ba, ka ninka da adadin waɗanda ke siris, ka ƙara kashi goma cikin ɗari, domin boltej yana hawa idan fanel ya yi sanyi, kuma da safiyar hunturu ne yake ƙona kwanturolar da aka cika wa ƙiris. Ga waɗannan huɗun, biyu biyu a siris sannan a haɗa layukan biyu faralel, wato gefe da gefe. Wajen jonawa, batir ne farko, fanel daga baya. Wajen cirewa, fanel ne farko.

Hau rufin ka duba da idonka. Su fuskanci kudu, karkata digiri 10 zuwa 15, kada su kwanta a shimfiɗe, don ruwan sama ya riƙa wanke su. A bar sarari a ƙarƙashi kamar santimita 10 zuwa 15 iska ta ratsa. Nemi inuwa da ƙarfe tara na safe da kuma uku na yamma, ba da tsakar rana kaɗai ba: tankin ruwa, dish, reshen darbejiya. Ƙwayoyin fanel a jere suke kamar carbi, inuwa a kan kaɗan tana danne layin duka. Da hunturu a wanke su duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Su kuma batiran da ke nan, gwada su kafin ka yanke musu hukunci. Cika su, ka cire komai, su huta awa uku ko huɗu, ka auna kowanne shi kaɗai. Cikakke yana nuna wajen 12.7V, 12.2V rabi ne. In ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa da fiye da 0.3V, akwai matsala. Sa haidiromita, abin auna kaurin ruwan batir, a kowane rami cikin ramuka shida na batirin, ya kamata su zo kusa da 1.250, kuma su yi kusa da juna. Rami ɗaya da ya faɗi ƙasa sosai, wannan batirin ya tafi. In duk sun yi ƙasa daidai wa daida, gwada cajin daidaitawa, wajen 15.5V kowane batir, awa biyu zuwa uku, marufai a kwance, taga a buɗe, ba sigari ba tartsatsi, saboda iskar da ke fita tana kama wuta. Wannan na batir mai ruwa ne kawai, kada ka yi wa jel ko rufaffe. Ruwan da za ka ƙara tataccen ruwan batir ne. Ban da na rijiya, ban da na leda, ban da asid. In dole a canza, a canza duka biyun tare, domin tsohon batir yana janyo sabo ya maishe shi irinsa cikin 'yan watanni.

Ina suke ajiye ma? In a ƙaramin sito ne mai rufin kwano ba taga, fito da su. Duk digiri goma da zafi ya ƙaru a kan 25, kwanan batirin dalma yana raguwa da kusan rabi.

Saitin inbata: cajin cikawa wajen 28.8V, na riƙewa wajen 27.2V, sai dai in takardar batirin ta ce wani abu daban, to bi takardar. Inda take kashe kanta yawanci yana zuwa a 21V, ɗaga shi zuwa 23.6V. Mai gida zai ga kamar ka rage masa wuta, ka yi masa bayani da takardar lissafin a hannunka.

Kafin ka bar gidan, kunna kaya masu nauyi minti goma ka taɓa wayar batir. Inbata mai 24V da ke ba da 2,000W tana jan fiye da 80A, wannan aikin waya mai kaurin 25mm² ce, gajera, ta jan ƙarfe zalla. Kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari, alminiyom ce aka yi wa rufi, cire ta. Fis ko breka ta DC kusa da kan batir, ba brekar AC ba, don ita ba ta iya kashe tartsatsin DC. Duba ko an kafa sandar at, wato ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa, an kuma sa abin kare tsawa kafin damina ta sauka. Ka kawo mini takardar lissafin da abin da mita ta nuna a kowane batir, sannan mu rubuta wa mai gidan kuɗin aiki.