Jurji Zaidan: a karanta shi, amma da littafin tarihi a gefe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko mutum zai iya koyon tarihin Musulunci daga ƙagaggun labaran Jurji Zaidan, da kuma yadda aka yi mutum ɗaya ya rubuta littattafai masu yawa haka. Na daɗe ina karanta shi, na kuma karantar da wasu littattafansa a ajin Larabci, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Wanda ya fara shigowa hannuna shi ne Fathul Andalus, wani tsohon bugu da takardunsa suka yi ja, bangon ya rabu an ɗinke shi da zare. Kwana uku na yi ina fama da shi, ko barcin kirki ban yi ba. Don Ɗariƙu bin Ziyad da tsallakawarsa Andalus a 711 na ɗauke shi, amma da na kai ƙarshe sai na tarar hankalina duk yana kan Fulorinda da masoyinta Alfonso. Salonsa ke nan kusan ko'ina: saurayi da budurwa, wani mugu ya shiga tsakani, yaƙi ya raba su, kai kuma kana bin sawunsu gari gari har ka san sarakunan zamanin da fadojinsu ba tare da ka ji nauyin karatu ba.

Yawan rubutun nasa yana da dalili. An haife shi a Bairut a 1861, Kirista ne ɗan talakawa, ya tashi yana taya mahaifinsa aiki a gidan abinci. Da ƙoƙarin kansa ya shiga karatun likita a 1881, ya bari bayan wani boren ɗalibai a 1882, ya koma Alƙahira. Har tafinta ya yi wa rundunar Ingila da ta nufi Sudan a 1884. A 1892 ya kafa mujallar Al-Hilal, kuma nan ne sirrin yake. Mujalla ba ta jira. Yana da masu karatu da suke sauraron ci gaban labari, yana da inda zai buga, ga kuma binciken da yake yi don littattafan tarihinsa, wato Tarihin Wayewar Musulunci mai juzu'i 5 da ya fito tsakanin 1902 da 1906, da Tarihin Adabin Larabci mai juzu'i 4. Karatu ɗaya yake yi ya ci riba biyu. Daga Almamlukus Sharid a 1891 zuwa Shajaratud Durr a 1914, shekarar da ya rasu, ya bar ƙagaggun labarai fiye da 20, kusan ɗaya duk shekara.

To, sai ainihin tambayarka. Gaskiya ba zan ce ka ɗauki tarihi daga gare su kai tsaye ba, kuma ina da dalilin da na gani da idona. Wata shekara na ba ɗalibai Al'abbasa Ukhtur Rashid. Da aka zo jarrabawa, wani yaro mai hazaƙa ya rubuta mini, ba ko shakka a zuciyarsa, cewa Harunar Rashid ya kashe wazirinsa Ja'afar Albarmaki a 803 saboda ɓoyayyen lamarin da ke tsakanin Ja'afar da Abbasa, 'yar'uwar Harunar Rashid ɗin. Abin ya dame ni ƙwarai. Ba Zaidan ne ya ƙirƙiro labarin ba, yana cikin tarihin Ɗabari, amma Ibn Khaldun ya ƙaryata shi a littafinsa Muƙaddima, ya nuna cewa ƙarfin da Baramika, wato dangin Ja'afar, suka tara a mulki da dukiya ne ya jawo musu. Zaidan ya zaɓi ruwayar da ta fi daɗin labari, yaron kuma bai san akwai wata ba. Washegari na kawo Muƙaddima aji, muka karanta wurin tare, layi bayan layi.

Tun yana raye ma an yi masa raddi. Shibli Nu'umani na Indiya ya soki yadda ya zana Banu Umayya, Rashid Rida ya buga sukar a mujallarsa Al-Manar. A 1910 Jami'ar Masar ta ɗauke shi koyar da tarihin Musulunci, sannan ta janye saboda ƙorafin cewa ba Musulmi ba ne. Ni dai ban yarda a jefar da aikinsa saboda addininsa ba; a auna shi da hujja kamar kowa. Inda na fi yin taka-tsantsan shi ne labaran da suka taɓa sahabbai da fitinar farko, irin su Azra'u Ƙuraish da 17 Ramadan. Waɗannan ba na ba mai farawa, sai ya riga ya karanci zamanin a gaban malami.

Idan za ka fara, ɗauki Al'amin wal Ma'amun. Ka ajiye takarda kusa, duk sunan da ka ci karo da shi ka rubuta, ka nemo shi a littafin tarihi Alkamil na Ibn Asir, ka ware wanda ya rayu da wanda marubuci ya ƙaga. Idan ka kai inda aka yi wa Bagadaza ƙawanya, ka dawo ka gaya mana abin da ka samu, mu duba tare.